Yini Ɗaya Tsakanin Birni da Zengu: Sharhi Kan Rangadin Tarihi da Ake Shirya wa 'Yan Makaranta a Damagaram

Shekara 11 ke nan ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Damagaram, wato Zinder ta ƙasar Nijar, kuma a shida daga cikinsu ajin ƙarshe nake riƙewa, wato CM2. A tsawon wannan lokaci babu darasin da ya fi damuna kamar na al'ummomin ƙasarmu, domin yadda muka saba yin sa shi ne mu ja layuka a allo, mu rubuta cewa Hausawa manoma ne kuma 'yan kasuwa, Fulani makiyaya ne, Buzaye masu raƙuma ne, Barebari suna gabas, Tubawa suna can cikin hamada. Yara su kwafe, su haddace, su mayar mana da shi ranar jarrabawa, alhali a kan bencin da suke zaune akwai jikan Babarbare da ɗiyar Bafulatani da ɗan Buzu, kuma babu wanda darasin ya sa ya waiwaya ya dubi ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa da wasu matasa huɗu suka zo ofishin shugaban makarantarmu a watan Disamba, suka ce suna shirya wa 'yan makaranta rangadin yini guda don su ga tarihi da al'adun mutanen wannan yanki da idonsu, ni ne na fara cewa a ba ajina dama. Mun yi rangadin a wata Asabar ta watan Janairu, kuma ina rubuta wannan sharhi ne saboda malamai da iyayen da suke ta tambayata ko abin ya cancanci kuɗinsa.

Farashin shi ne dala 150 a kan kowane yaro, wato sefa 750, kuma a cikinsa akwai mota da abincin rana da tukuicin dattawan da za a ziyarta. Ɗalibaina 54 ne, amma da na gaya wa shugaban matasan cewa shida daga cikinsu marayu ne, nan take ya ce a bar su su zo kyauta, bai ja magana ba. Ƙungiyar iyayen yara ce ta tattara kuɗin cikin mako biyu. Sun yi mana alkawarin mota da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ta iso takwas saura kaɗan, abin da ban ɗauka laifi ba a sanyin hunturu. Jagora biyu suka ba mu, saurayi da budurwa, dukansu sun yi karatu a jami'ar garin nan mai ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, kuma da Hausa suka yi bayani daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne abu na farko da zan yaba musu, domin yaron da ba ya ɗaga hannu a aji saboda tsoron kuskuren Faransanci na gan shi a ranar yana jefa tambaya bayan tambaya. Bai kamata hakan ya ba kowa mamaki a wannan gari ba, tunda a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973.

Daga kan duwatsun Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take, muka fara. Jagoran ya hau da yaran wani fa mai faɗi, ya zaunar da su, ya bar su sun kalli gari na ɗan lokaci kafin ya ce komai, sa'an nan ya tambaye su abin da zai sa mutane su zaɓi zama a tsakanin waɗannan manyan duwatsu. Wani ya ce inuwa, wata ta ce don a ɓuya wa mahara, daga nan ya ɗora bayaninsa a kan amsoshinsu. Ya gaya musu cewa gidan sarautar Damagaram asalinsa daga Barno yake, cewa a wajen 1731 aka kafa daular a ƙarƙashin wani malami, kuma ta daɗe tana kai gaisuwa Barno kafin ta tsaya da ƙafarta. Ya nuna musu ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita, ya sa kowane yaro ya dafa ƙasar da hannunsa, ya ce su lura da kaurinta, su kuma ƙiyasta yawan mutanen da suka kwaɓa ta. Da ya faɗa musu cewa a zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran garin nan suna zuba igwa da kansu, sai wani yaro ɗan gidan maƙera ya miƙe tsaye ya ce, “Malam, ashe kakanninmu ne?” Na ga yadda fuskarsa ta sauya, kuma har yau idan ya rubuta sunansa a takarda sai ya ƙara sana'ar gidansu a gefe.

Budurwar ce ta yi abin da ya fi burge ni a wannan sashe. A gaban fada, bayan dogarai cikin rigunansu ja da kore sun amsa gaisuwarmu, ta tambayi yaran su lissafa sarautun da suka sani. Suka ce Galadima, Ciroma, Yarima, Kaigama. Ta ce musu waɗannan kalmomi duk daga Barno suka zo, Hausa ta aro su ta riƙe har muka manta baƙi ne, saboda haka duk wanda ya furta su yana magana da ɗan guntun Barbarci ko bai sani ba. Ta koya musu su ce “wushe” idan za su gai da Babarbare. Ni kaina abin ya taɓa ni, domin kakata ta wajen uwa Babarbariya ce daga ƙasar Gure, mai tsage a kumatu, kuma na tuna tana yi mana magana da harshenta muna amsa mata da Hausa, har ta rasu babu ɗaya daga cikinmu da ya ɗauki harshen. Wani dattijo daga cikin mutanen fada ya fito ya karɓi yaran da fara'a, suka durƙusa suka ce “Ranka ya daɗe” kamar yadda aka koya musu a mota, ya nuna musu tambari da kakaki, ya bayyana musu lokutan da ake busa su.

Labarin zuwan Nasara sun ba da shi daidai kuma a taƙaice: kisan Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a watan Mayu na 1898 a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, yaƙin Tirmini da Faransawa suka ci Damagaram a ƙarshen Yulin 1899, da yadda Zinder ta zama babban birnin mulkin mallaka daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da shi Yamai. Mun tsaya minti kaɗan a gidan da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a ƙarshen 1852, muka kuma ratsa ta lungunan da ke da gidaje masu zanko da zanen bango, yaran suna kwafar zanen a littattafansu.

A Zengu ne kuɗinmu ya biya kansa. Jagoran ya fara da bayyana cewa sunan unguwar daga zango yake, wurin da ayarin Abzinawa da fataken Larabawa suke sauke kaya a wajen ganuwa, kuma manyan attajirai irin su Malam Yaro a nan suka yi gidajensu. Daga nan ya shigar da mu wani gida inda wani tsohon Buzu yake jiranmu a kan tabarma, da rawaninsa na turkuɗi ya rufe baki, da butar shayi a kan garwashi. Wannan dattijo ya yi shekaru yana bin ayarin gishiri, kuma matasan sun yi hikima da suka ja da baya suka bar shi ya yi magana da bakinsa, da Hausarsa mai karin Abzin. Ya ajiye kantun gishiri a tsakiyar tabarma, ya ce kowane yaro ya gwada ɗaga shi, sa'an nan ya ɓantari kaɗan ya ba su suka lasa. Ya gaya musu yadda ake tashi daga duwatsun Abzin bayan damina, a ɗaure wa raƙuma ciyawar da za su ci zuwa da dawowa domin babu ko tsinke a hamadar Tenere, a bi madugu wanda yake karanta taurari da launin rairayi, a isa Fashi, a wuce Bilma, a ba da gero a karɓi gishiri da dabino, daga baya kuma a gangaro kudu zuwa Damagaram da Kano a sayar a sayi hatsi da tufafi. Ya kama bakin rawaninsa ya ce musu wannan baƙin da yake zuba a fatarsa a ƙasar Kano aka rina shi, a garin Kura, don haka Buzu ba ya cika Buzu sai da hannun Bahaushe, kamar yadda saniyar Bafulatani ba ta ƙoshi sai da gishirin Buzu.

Wata yarinya ta tambaye shi, “Baba, ba ku jin tsoron ɓacewa?” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce tsoro yana nan kullum, abin da yake hana shi yin yawa shi ne kowa ya san aikinsa kuma babu mai shan ruwa shi kaɗai. Bayan haka ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zana haruffan Tifinag da yatsa: da'ira ita ce “r”, da'ira mai ɗigo a tsakiya ita ce “s”, gicciye shi ne “t”, tsayayyen layi ɗaya “n”, layi biyu “l”. Yara hamsin da huɗu suka durƙusa a tsakar gida suna neman haruffan sunayensu a cikin turɓaya. A nan ne wani yaro da nake da shi, mai yawan shiru, wanda abokansa suke tsokana da kiran “Buzu” har ya daina amsawa idan an tambayi garinsu, ya matsa gaba ya gyara wa na kusa da shi harafi, ya ce kakarsa a Tanut ta koya masa. Dattijon ya yi masa magana da Tamajak, yaron ya amsa, sauran suka tsaya suna kallonsa kamar ranar suka fara ganinsa. Da za mu tafi, shi ne ya koya wa ajin duka su ce “tanemmirt”, wato mun gode. Na yi shekara ɗaya da rabi ina neman hanyar da zan buɗe bakin wannan yaro ban samu ba, sai ga shi wani tsoho ya yi da yatsa ɗaya a cikin minti goma.

Daga can muka nufi majema. Sun gargaɗe mu tun a mota game da wari, suka raba wa yaran ganyen na'ana'a su riƙe a hanci, dabarar da ta yi amfani ƙwarai. Wani majemi ya bi da su mataki mataki, daga jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, zuwa kankare ta da kartaji, zuwa tsoma ta a ruwan bagaruwa, har zuwa rina ta ja da karan dafi. Ya ba kowane yaro ɗan ƙyallen jar fatar akuya ya tafi da shi gida. Jagoran ya haɗa wannan da abin da suka ji a Zengu, ya ce irin wannan fata ce ayari yake ɗauka ya ƙetare hamada da ita zuwa Tarabulus. Abin da ya rage musu a nan shi ne tsaro, domin ramukan jima a buɗe suke, ƙasa tana da santsi, kuma mutum biyu ba za su iya lura da yara fiye da hamsin a irin wannan wuri ba. Da ban zo da abokiyar aikina da iyaye mata biyu ba, da hankalina bai kwanta ba.

Abincin rana dambu ne da zogale da ɗan kilishi, mai daɗi kuma ya ishi kowa, amma ruwan sha ya ƙare tun kafin azahar. Duk wanda ya san garin nan ya san ruwa ba abin da ake barin sa ga sa'a ba ne, kuma jarka biyu ba za su ɗauki wannan adadi na yara yini guda ba. Sai da na sayi ruwan leda da kuɗina.

Bayan sallar azahar aka kai mu gidan da matasan suka kama haya suka mai da shi abin da suke kira zauren al'adu, kuma a nan ne nake da babbar magana da su. Ɗaki ne mai faɗi da aka raba kusurwa huɗu, kowace kusurwa da kayan wata al'umma: ƙorai da faifai da sanda da malfa a ta Fulani, takobi da sirdin raƙumi a ta Buzaye, wuƙar damtse a ta Tubawa, turaren wuta da zane a ta Barebari. Kayan na gaske ne kuma an tsabtace su, ba ni da ta cewa a kan wannan. Amma abin da aka shirya wa yara shi ne su sa tufafin, a shafa musu kwalli da jan baki, a kunna kiɗa a waya, su yi rawar Gerewol ta Fulanin Bororo ana ɗaukar su hoto. Nan da nan wuri ya kaure da dariya, samari suna zare ido suna yaƙe haƙora suna kwaikwayon Bororo, wasu suna kwaikwayon Hausar Fulani da gangan don a yi dariya. A bayanin da aka yi musu babu abin da ya wuce cewa Fulani suna son shanu da kwalliya, Tubawa kuma jarumai ne masu zafin zuciya. Wannan shi ne ainihin layukan da nake ja a allo, sai dai an sa musu riga, kuma a ganina ya fi na allon haɗari, domin yaro yana fita da tunanin cewa ya san mutanen alhali kamanninsu kawai ya ara na rabin sa'a. Abin lura kuma shi ne babu kusurwar Hausawa a ɗakin, kamar dai Bahaushe shi ne mai kallo, sauran su ne abin kallo.

Ina da ɗaliba Bafulatana wadda iyayenta suke da ruga a hanyar Mirya, tana zaune wajen gwaggonta a gari saboda karatu. Na hange ta ta koma bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Na je na tsuguna kusa da ita na tambaye ta abin da ya faru, ta ce, “Malam, ba haka muke ba.” Na nemi jagorar ta kashe kiɗan, kuma ina yaba mata da ta yi hakan ba tare da ɓata rai ba. Na tambayi yarinyar ko za ta yarda ta gaya mana yadda suke, ta yi jim, sa'an nan ta ɗauki ƙwarya ɗaya daga kusurwar, ta ce wannan ba ta tatsa ba ce, ta ado ce da uwa take tara wa ɗiyarta, kuma ba a ajiye ta a ƙasa yadda aka ajiye ta. Ta bayyana cewa su ba Bororo ba ne, Fulani iri iri ne, kuma rawar da ake kwaikwaya tana da lokacinta da dokokinta. Ta ce kowace saniya a garkensu tana da suna kuma tana amsawa, ta faɗi yadda babanta yake tafiya arewa da damina don kada shanu su shiga gonakin mutane, da yadda burtalin da kakanta ya bi yanzu ya zama gona, har ana kwana ana fargabar faɗa. Ta ambaci kalmomi uku da ake tarbiyyar ɗan Fulani a kansu, “semteende” wato kunya, “munyal” wato haƙuri, da “hakkiilo” wato hankali. Ɗakin ya yi tsit. Wani yaro ɗan manoma daga cikin waɗanda suka fi kowa dariya ya ce shi ma babansa yana kwana a gona saboda tsoron shanu, suka dubi juna, kuma a karo na farko na ji yara biyu suna tattauna rikicin manoma da makiyaya kowannensu yana sauraron ɗayan.

Abin da nake so matasan nan su gane shi ne sun riga sun mallaki hanyar da ta dace, domin ita suka bi a Zengu da majema, inda suka kawo mai abu ya yi bayanin abinsa. Garin nan cike yake da Fulani masu kawo nono kowace safiya, da Tubawan Tasker da suke zuwa kasuwar dabbobi, da tsofaffin Barebari mata da suka san tarihin kowace tsaga. Tukuicin da za a ba mutum uku daga cikinsu bai kai kuɗin kwalli da hotunan da aka kashe ba. Game da Tubawa musamman, yaran sun fito ba su ji ko sunan Teda da Daza, manyan rassan Tubawa biyu, ba, ba su kuma ji cewa matan Tubawa suna jan ayarinsu da kansu zuwa Kawar, yankin su Bilma, don ɗibar dabino ba, labarin da na tabbata zai riƙe 'yan matan ajina fiye da wuƙar damtse. Haka kuma an yi maganar Abzinawa yini guda ba a ambaci Kawusan ba, jagoran Abzinawan da ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, har sai da aka tura dakaru daga nan Zinder.

Akwai wasu giɓi biyu da suka fi waɗannan zurfi. Na farko shi ne tarihin da aka ba yaran daga ƙofar fada ya fara, kamar babu kowa a ƙasar kafin zuwan masu sarauta. Ba a ce komai ba game da mafarauta da manoman da aka tarar a tsakanin duwatsun nan, ko Anna, wato arnan da suka riƙe al'adunsu na gargajiya, ko ƙasashen Sosebaki irin su Mirya da Dungas da Wacha waɗanda suke da sarautunsu kafin Damagaram ta rinjaye su. Idan manufar rangadin ita ce a san mutanen asali na wannan ƙasa, to waɗannan ne ya kamata a fara da su. Na biyu shi ne bauta. Lokacin da muke dafe da ganuwa wata yarinya ta tambayi ko su wane ne suka gina ta, jagoran ya ce talakawan sarki ne, ya wuce. Gaskiya ita ce arzikin daular a ƙarni na 19 yana da hannun bayi a cikinsa, an kama mutane a yaƙi, an sa su aiki, an kuma sayar da wasu zuwa arewa ta hanyar da fata da gashin jimina suke bi. Na san magana ce mai nauyi a garin da kowa ya san asalin kowa, kuma ban ce a tsaya a gaban yara ana nuna gidaje ba. Amma yaro ɗan shekara 12 yana iya ɗaukar gaskiya idan an faɗa masa ita da natsuwa, kuma girman Tanimun ba zai ragu ba don an ambaci waɗanda suka ɗauki ƙasar ganuwarsa a ka.

Na tsaya a kan waɗannan abubuwa ne saboda nauyin da nake ganin yana kanmu mu masu magana da Hausa. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda 10, kundin mulkin ƙasa na 2025 kuma ya ɗaga Hausa ya ba ta matsayin harshen ƙasa ita kaɗai. A Damagaram yaron Bafulatani ko Batube ko Babarbare yana koyon Hausa tun kafin ya shiga makaranta, amma ɗan Bahaushe yana iya tsufa bai san gaisuwar maƙwabcinsa ba, kuma ni shaida ne a kan yadda harshe yake mutuwa a cikin gida ɗaya tsakanin kaka da jika. Muna alfahari da wasan taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2014, kuma hakika Bafulatani da Babarbare suna tsokanar juna su rabu da dariya. Sai dai wannan wasa yana tafiya ne tsakanin mutanen da suka san juna kuma kowannensu yana da bakin ramawa, abin da ya bambanta shi da dariyar da aka yi a zauren nan, inda yarinya ɗaya take tsaye a bakin ƙofa.

A makon da ya biyo baya na ba ajin aikin gida, na ce kowa ya je ya tambayi tsoho ko tsohuwar gidansu daga ina kakanninsu suka zo da kuma harshen da suke yi. Daga cikin 54, guda 31 sun dawo da labarin kaka ko kakan kaka da ba Bahaushe ba ne, har da yaran da suka fi kowa bugun ƙirji da cewa su Damagarawa ne tsantsa. Mun zana taswira a bangon aji, kowa ya ja zare daga garin kakansa zuwa Zinder, zaruruwan suka fito daga Gure da Tanut da Agadas da Kukawa da Daura da Kano. Wannan aiki ba zai yiwu da irin wannan ɗoki ba da ba su fita sun ga abin da suka gani ba, kuma wannan alheri na matasan nan ne.

Ga malamin da yake tunanin ɗaukar su, ina ba shi shawarar ya ɗauke su, domin sefa 750 ba ta sayi abin da ya kai safiyar Birni da Zengu ba a wani wuri. Amma ya zauna da su tun kafin ranar, ya nemi a raba ajin gida biyu idan ya wuce yara 30, ya zo da manya aƙalla uku, ya tanadi ruwansa, ya zaɓi watannin sanyi domin daga Maris duwatsun Birni ba su hawuwa da rana. Ya kuma gaya musu a fili cewa ba ya son sashen sa tufafi da rawa sai idan akwai ɗan al'ummar da zai jagorance shi. Na faɗa wa shugabansu duk abin da na rubuta a nan baki da baki kafin in rubuta shi, ya saurare ni har ƙarshe, ya yi mini gardama a kan maganar bauta, ya ce yana tsoron abin da iyaye za su ce, amma ya karɓi sauran. Shekaranjiya ya kira ni ya ce sun samu wata dattijuwa Bafulatana mai sayar da nono da wani Batube mai harkar raƙuma da suka yarda su riƙa zuwa zauren, kuma suna neman wanda zai raka su Mirya don su ji tarihin Sosebaki daga bakin mutanenta. Ajin abokiyar aikina zai fita da su a Asabar ta biyu ta watan Fabrairu, kuma ɗalibata Bafulatana ta roƙi a bar ta ta bi su don ta gyara yadda aka jera ƙoran.